Maekawa Kunio: maginin da ruwa da ƙanƙara suka sake wa karatu

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne. A darasin tarihi an ambaci Maekawa Kunio a layi ɗaya kawai, wai shi ne ɗan Japan da ya yi almajirci wajen Le Corbusier, mashahurin mai zanen gine-ginen nan na Faris, ya kai salon zamani ƙasarsu. Da na duba hotunan ayyukansa sai na rikice. Na farko fari ne fat mai shimfiɗaɗɗen rufi, na ƙarshe kuwa jajaye ne masu nauyi kamar da jan bulo aka gina su. Mutum ɗaya ne ya yi su duka? Kwaikwayon ne ya gundure shi, ko me ya faru?

Amsa: Mutum ɗaya ne, ɗalibi, kuma ba gundura ba ce. Ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin farin ginin da ka gani na 1932 da jajayen nan na shekarun 1970 akwai shekara arba'in na yoyo da tsagewa da tsatsa, kuma kowace matsala ta bar alamarta a jikin ginin da ya biyo bayanta. In kana son gane Maekawa, ka ɗan bar kallon fuskar gini tukuna. A kowane aikinsa ka tambayi kanka: idan ruwa ya sauka a nan, ina yake bi?

An haife shi a Niigata ranar 14 ga Mayu 1905. Mahaifinsa injiniyan gwamnati ne mai aikin koguna, kuma tun yana ƙarami iyalin suka koma Tokiyo. Yana da shekara 18 aka yi girgizar ƙasar Kanto ta 1 ga Satumba 1923, wadda ita da gobarar da ta biyo bayanta suka hallaka mutum fiye da 100,000. Ka riƙe wannan ranar, domin duk wanda ya koyi gini a Japan a wancan zamani da ita a ransa ya koya. A 1924 aka gyara dokar gini, aka ce dole a lissafa gini yadda zai jure turi daga gefe wanda ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Maekawa ya gama jami'ar Tokiyo a ƙarshen Maris 1928, kuma a daren da aka yaye su ya kama hanya, ya bi jirgin ƙasan da ke ratsa Saberiya har ya isa Faris. Kawunsa Sato Naotake, jami'in diflomasiyya, yana can, shi ya karɓe shi. Shekara biyu ya yi a ofishin Le Corbusier, ba albashi.

Abin da ya koyo a can ba farin fenti ba ne, ko da yake shi ido ke fara gani. Asalin karatun shi ne raba aikin ɗaukar nauyi da aikin bango. A tsohon gini bango ne ke ɗauke da rufi, don haka ba ka da ikon matsar da shi, taga kuma dole ta zama ƙarama. A tsarin Le Corbusier ginshiƙan kankare ne ke ɗauke da dekin, bango ya koma kamar labule: ka sa shi inda ka ga dama, ka tsaga taga daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka ɗaga ginin a kan ginshiƙai a wuce ta ƙarƙashinsa, ka mai da rufi lambu. Sai dai ƙasar Faris ba ta motsi. A Tokiyo injiniyoyi sun ga da idonsu cewa gine-ginen da suka tsira a 1923 su ne masu kaurin bangon kankare da ke riƙe ginin kada ya karkace. Ka ga ke nan bangon da malaminsa ya ce a 'yanta, shi dokar ƙasarsa ta ce a ƙarfafa. Da wannan karo ya dawo gida a 1930.

Ya shiga ofishin Antonin Raymond, wanda ya zo Japan tare da mai zanen gine-ginen Amurka Frank Lloyd Wright don aikin otal ɗin Imperial sannan ya zauna. Shekara biyar ya yi a can. A wajen Raymond ya koyi abin da Faris ba ta koya masa ba: lissafin kuɗin aiki, hulɗa da 'yan kwangila, da yadda kafintan Japan ke haɗa akwatin katakon da ake zuba kankare a ciki.

A 1931 aka yi gasar zana babban gidan tarihi na masarauta a unguwar Ueno da ke Tokiyo. Sharaɗin gasar ya fito fili: a yi salon Gabas wanda ya ginu a kan ɗanɗanon Japan. A aikace ma'anarsa gangar jiki ta kankare, a ɗora mata rufin tayil irin na haikali kamar an naɗa mata rawani. Maekawa ya san sharaɗin, ya kuma miƙa zane mai shimfiɗaɗɗen rufi da ginshiƙai. Ya faɗi, Watanabe Jin ya ci, kuma gininsa ne ke tsaye har yau a matsayin babban zauren gidan tarihin ƙasa na Tokiyo. Maekawa ya rubuta maƙala mai taken Makereba zokugun, daga karin maganarsu da ke cewa wanda ya ci yaƙi shi ne sojan sarki, wanda aka ci kuwa ɗan tawaye. Mutane kan ɗauka gādon ƙasarsa ya raina. Ba haka ba ne. Abin da ya ƙi shi ne a zuba kankare a siffar katako, a sa siminti ya yi ƙaryar cewa shi itace ne.

To ga farin ginin da ka gani. Cibiyar binciken sana'o'i ta Kimura ce, a garin Hirosaki da ke can arewacin tsibirin Honshu, garin dangin mahaifiyarsa. Kimura Ryuzo, wanda suka saba da shi tun a Faris, shi ya ba shi aikin, aka gama a 1932 yana da shekara 27. Bene ne mai hawa biyu, farin bango, dogayen tagogi masu firam na ƙarfe, wani sashe a kan ginshiƙai, baranda a sama da ƙofar shiga, rufi a shimfiɗe. Karatun Faris ne tsaf, ba ragi.

Hirosaki kuwa garin dusar ƙanƙara ne. Mai gidan soro a Kano ko Damagaram ya san shimfiɗaɗɗen rufi ba ya yafe sakaci, shi ya sa kafin damina ake duba yaɓe a share indararo. Amma ruwanmu sauka yake yi ya wuce, rana ta fito ta busar. Dusar ƙanƙara zama take yi wata da watanni. A Hirosaki takan taru ta kusanci mita ɗaya, wata shekarar ta wuce, kuma idan ta danne, kowane murabba'in mita na rufi yana ɗauke da kusan kilo 300. Nauyin ma ba shi ne babbar illa ba. Ɗumin cikin ɗaki yana ratsa dekin ya narkar da ƙasan dusar, ruwan ya gangara zuwa bakin rufi inda ya fi sanyi, ya tarar bututun ya daskare, sai ya kwanta. Daga nan ya shiga 'yan tsagun da ido ba ya gani. Da dare ya daskare, kuma ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya buɗa tsagar kaɗan. Gobe ya narke ya ƙara shiga ciki. A hunturu ɗaya wannan na iya faruwa sau da yawa, har filasta ta ɓanɓare, ruwa ya kai ga rodi. Baranda ta fi shan wahala domin sanyi na dukanta ta sama da ta ƙasa. Haka aka yi wa ginin Kimura: barandar ta lalace har aka cire ta, rufin kuma aka ɗora masa wani mai gangara a kai. Sai bayan shekaru da yawa aka maido da barandar, kuma a 2021 gwamnati ta sa ginin cikin muhimman kadarorin tarihi na ƙasa. Hirosaki ba ta kore shi ba. Gini takwas ya yi wa garin cikin shekara 51, kuma in ka jera su za ka ga leɓen rufi yana ƙara fitowa daga wannan zuwa wancan.

Ya buɗe ofishinsa a 1935, daidai lokacin da ƙasar ke gangarawa cikin yaƙi. Daga 1937 aka taƙaita amfani da ƙarfe a gini, sai masu son kankare suka koma katako dole. A wannan ofishin Tange Kenzo ya yi aiki daga 1938 zuwa 1941, wato mutumin da daga baya kamfaninsa ya tsara tsakiyar birnin Abuja. Kada a ce maka Maekawa ya fita daga shekarun yaƙi da farar riga. Ya buɗe reshe a Shanghai ya zana gidajen ma'aikatan wani banki a lokacin da sojan Japan ke mamaye da birnin. A 1943 ya shiga gasar cibiyar al'adun Japan a Bankok da zane mai rufin gargajiya, ya zo na biyu bayan Tange. Wasu na ganin ya sallama ne, wasu na ganin tsarin ɗakunan da ke ƙarƙashin rufin na zamani ne tsantsa. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma bai kamata ɗalibi ya ɓoye ɗaya don ya kare ɗaya ba.

Gidansa na 1942 a unguwar Kami-Osaki ta Tokiyo ya cancanci ka zana shi da hannunka. Dokar lokacin yaƙi ta hana gidan zama na katako ya wuce kusan murabba'in mita 100. Dokar faɗin ƙasa ta ƙidaya, ba ta ƙidaya tsawo ba, sai ya nemi sarari ta sama. Rufi ɗaya ne babba mai gangara biyu. A tsakiya ya bar falo mai tsawon hawa biyu, bangonsa na kudu gilashi ne tun daga ƙasa har sama a cikin ragar katako, na arewa ma tagogi ne, don haka haske da iska suna ratsa ɗakin su fita ta ɗaya gefen. Wata siririyar matakala ta hau zuwa ɗan bene da ke leƙen falon. Ɗakin kwana da ɗakin karatu da kicin an tura su gefe biyu, ƙanana, inda rufi ya yi ƙasa. A gaban gilashin kudu akwai ginshiƙi ɗaya kewayayye da ya tashi har ƙoƙuwar rufi, wanda ke tuna wa ɗan Japan haikalin Ise, babban wurin ibadar gargajiyarsu, alhali tsohon turken wayar lantarki ne, don shi aka samu. Ka lura da leɓen rufin: ya fito sosai, yana tare ranar bazara da ruwa, yana barin ranar hunturu mai sauka ƙasa-ƙasa ta shiga har tsakiyar falo. Da bam ya ƙone ofishinsa na Ginza a 1945, a wannan falon aka jera teburan zane har 1954. An kwance gidan a 1973, aka adana katakon, aka sake haɗa shi a 1996 a filin adana tsofaffin gine-gine na Edo-Tokiyo.

Bayan yaƙi miliyoyin mutane ba su da wurin kwana. Maekawa ya haɗa kai da injiniya Ono Kaoru da wata masana'anta a Tottori mai suna San'in Kogyo, wadda a lokacin yaƙi take aikin jiragen sama na katako, suka fito da gidan da ake ƙerawa a masana'anta mai suna PREMOS. Ba ginshiƙi. Bango da daɓe da rufi duk faifai ne masu faɗin mita ɗaya, firam ɗin katako da aka lulluɓe da filawud, a kawo su a mota a ɗaure da juna cikin 'yan kwanaki. An yi kusan gida 1,000 cikin shekara biyar, yawancinsu don ma'aikatan haƙar kwal, sannan aikin ya mutu. Fasahar ba ta gaza ba, lissafin ne ya gaza. Gidan masana'anta ba ya araha sai ana yin sa da yawa ba yankewa, kuma ga kuɗin dako daga Tottori zuwa nesa, ga kafintan unguwa da zai yi maka gida da kuɗin da bai kai haka ba. Da odar kamfanonin kwal ta tsaya, babu wata kasuwar da za ta riƙe masana'antar.

Darasi mafi zafi ya zo a 1952, a hedikwatar bankin Nippon Sogo da ke Tokiyo. A nan ya yi niyyar warware karon nan da ya dawo da shi daga Faris. Tunaninsa daidai ne: ƙarfin da girgizar ƙasa ke tura gini da shi yana bin nauyin ginin, don haka in ka rage nauyi ka rage buƙatar kaurin bango. Sai ya yi benayen sama da firam ɗin ƙarfe da aka haɗa da walda, ya rataya masa tagogin alminiyom da faifan kankare marasa nauyi da aka zubo a masana'anta. Ginin ya sami lambar yabo ta ƙungiyar masana gini ta Japan. Ya kuma yi yoyo. Ruwa ya riƙa shiga ta gaɓoɓin da faifan suka haɗu.

Ka fahimci dalilin, domin har yau shi ke kayar da irin wannan bango. Bangon da aka zuba gaba ɗaya ba shi da gaɓa. Wanda aka haɗa da faifai kuwa kowane faifai yana da gefe huɗu, kowane gefe ƙofa ce ga ruwa. Kayan kuma ba sa motsi tare. Sandar alminiyom mai tsawon mita 3, idan zafinta ya sauya da digiri 50 tsakanin daren hunturu da ranar bazara, tana miƙewa kusan milimita 3 da rabi, kankare mai wannan tsawon kuwa kusan milimita 1 da rabi. Abin da aka cusa a tsakaninsu dole ya riƙa miƙewa yana dawowa shekara da shekaru. Danƙon toshe gaɓa na wancan lokaci mai haɗin mai ne, yana bushewa ya tsage. Sannan ruwan guguwar Japan ba daga sama kawai yake zuwa ba. Iska na tura shi a kwance, tana ma tura shi sama, kuma da yake matsin iska a waje ya fi na cikin ɗaki, tsagar da ba ta kai kaurin farce ba tana zuƙar ruwa kamar bututu. Zanen ya riga masana'antun ƙasar isa wurin. Ya sha gyara, kuma daga nan bai ƙara yarda da bangon da lafiyarsa ta rataya a kan danƙo kaɗai ba. An rushe ginin a 2008.

Ayyukan da suka biyo baya su suka yi masa suna. Ɗakin karatu da zauren kiɗa na Kanagawa a Yokohama, 1954, wanda cikinsa duk katako ne don sauti. Benen gidajen zama na Harumi a Tokiyo, 1958, hawa 10, gida 168, inda lifta ke tsayawa a hawa na 3 da na 6 da na 9 kawai, mazauna sama da ƙasa su ƙarasa da matakala, abin da ya rage dogayen hanyoyin wucewa ya ba gidajen iska ta gefe biyu. An rushe shi a 1997. Sai zauren Kiyoto na 1960, da kuma zauren kiɗa na Tokyo Bunka Kaikan na 1961 a Ueno, mai babban zaure na kujera 2,303 da ƙarami na 649. Wannan na ƙarshe yana fuskantar gidan zane-zanen Yammacin duniya da Le Corbusier ya zana, wanda Maekawa da Sakakura Junzo da Yoshizaka Takamasa, almajiransa uku, suka kula da gininsa har aka buɗe a 1959. Tsaya a filin da ke tsakaninsu ka duba. Ginin malamin akwati ne a kan ginshiƙai. Na almajirin an kewaye shi da wani ƙaton leɓen kankare mai lanƙwasa sama, wanda ya fito ya rufe bango da gilashi da mutanen da ke jiran shiga. Leɓen da ya bari a 1932 ya dawo, da kankare wannan karon, ba tare da ya yi kama da katako ba.

Saura tsiraicin kankaren kansa. A shekarun 1950 ana alfahari da barin kankare yadda ya fito daga akwati, ba filasta ba fenti, har ana ganin zanen katako a jikinsa. Ba a jima ba hayaƙin masana'antu da na motoci ya cika biranen Japan, fuskar gine-ginen ta yi baƙi, ruwa ya zana musu zirin datti. Wannan muni ne kawai. Cutar tana ciki. Sabon kankare yana da sinadarin da ke lulluɓe rodi ya hana shi tsatsa. Iskar da muke fitarwa da numfashi, wadda hayaƙi ke ƙara yawanta, tana ratsa kankaren sannu a hankali tana kashe wannan kariya, milimita bayan milimita. Ranar da ta kai ga rodi, in akwai laima, tsatsa ta kama. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, sai ta tura kankaren daga ciki ya fashe ya faɗo. Inda birkila ya bar rodi kusa da fuska, a nan ake fara gani.

Mafita ta farko da kowa zai kawo ita ce a manna tayil. Amma tayil ɗin da aka manna da siminti bayan bango ya bushe yana da raunin da ka sani: tsakaninsa da bangon akwai shimfiɗar da ba ta zama jiki ɗaya da kowannensu ba. Zafi da sanyi su sassauta ta, ruwa ya shiga baya, girgizar ƙasa ta ƙarasa, tayil ya faɗo daga hawa na shida a kan mai wucewa. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane, kuma kusan abin da ofishin Maekawa ya yi ke nan. Dabarar ana kiran ta uchikomi tairu, wato tayil da ake zuba kankare a kansa. Sun fara gwada ta a wani reshen bankin nan na Nippon Sogo a 1961.

Ga yadda ake yi. Ana gasa tayil mai kauri a wuta mai zafi sosai har ya daina shan ruwa, a bayansa da ƙafafu masu fitowa, a jikinsa da 'yan huji. Kafinta ya kafa sandunan katako a kwance a inda fuskar bangon za ta kasance. A jera tayil daga ciki, fuskarsa na kallon waje, a buga ƙusa ta hujin nan zuwa cikin sandunan, gefen kowane tayil ya hau kan na kusa da shi don kada ruwan siminti ya tsiyaye. Sai a ɗaura rodi, a rufe akwatin ta ciki, a zuba kankare. Kankaren ya kama ƙafafun tayil ya daskare da su. Idan ya yi ƙarfi a cire sandunan da ƙusoshin. Tayil ɗin ya zama fatar bangon, babu wata shimfiɗar siminti a tsakani da za ta saki. In ka sami hoton kusa na ɗaya daga cikin gine-ginen, za ka ga 'yan hujin ƙusar a jere, ba a toshe tarihin aikin ba.

Aiki ne mai wuya, kuma kuskurensa ba ya gyaruwa da sauƙi. Idan kankaren ya yi tauri bai shiga tsakanin ƙafafun ba, sai a sami rami a bayan tayil wanda ba mai gani. Idan aka matsa injin girgiza kankare kusa da fuska, tayil ya goce ko ya fashe, kuma ba a sani sai an kwance katako. Idan gaɓa ba ta rufu ba, ruwan siminti ya zubo ya bushe a fuska. Tayil kuma yana fitowa daga wuta da ɗan bambancin girma, don haka dole tsawon kowane bango da faɗin kowace taga su zama adadin tayil cikakke tun a takarda, ba yanka a wurin aiki. Kuɗinsa ya fi na mannawa. Abin da ake samu a madadin haka shi ne bangon da iska da ruwa ba sa taɓa kankarensa kai tsaye. Bambancin launin da wuta ke bayarwa, daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa baƙi-baƙi, shi ne abin da ka ɗauka jan bulo ne.

Da wannan fata ya gina zauren Saitama a 1966, gidan tarihin Saitama a 1971, gidan zane-zane na birnin Tokiyo a 1975, na Kumamoto da aka buɗe a 1976, na Fukuoka a 1979. A cikinsu ne za ka ga abin da bai taɓa yarwa ba daga karatun Faris, wato tsara gini bisa tafiyar mutum a cikinsa. A ofishinsa suna kwatanta kyakkyawan tsari da zanen da aka yi ba a ɗaga alƙalami ba: ka shigo farfajiya, ka juya, ka sauka, ka ratsa zaure, ka fito wata farfajiyar, ba ka taɓa komawa da baya ba. A zauren Saitama ya nutsar da sashen ginin cikin ƙasa, ya mai da rufinsa dandalin da kowa zai ratsa ko ba shi da tikiti. A Kumamoto ya kwantar da ginin ƙasa-ƙasa a harabar tsohuwar ganuwa, ya lanƙwasa shi ya kauce wa itatuwan da ya tarar. A ganina wannan ne mafi nunar aikinsa. Masu suka sun ce gidajen tarihinsa na ƙarshe duk kamarsu ɗaya, kuma a lokacin da Tange ke ba duniya mamaki da filin wasan Yoyogi na 1964, shi ya koma gefe. Akwai gaskiya a maganar kamannin. Sai dai mutumin da ya ga abin da sabon gwaji ya yi wa bankin 1952 yana da hujjar maimaita abin da ya tabbatar yana jure ruwa.

Dogon bene ɗaya ya yi, hedikwatar kamfanin inshora na Tokio Marine a Marunouchi, tsakiyar Tokiyo. Ya zana hawa 30, kusan mita 127, don ya tattara ofisoshin sama ya bar fili a ƙasa ga jama'a. Aka yi ta rigima shekaru a kan cewa zai leƙa fadar sarki, har firaministan lokacin ya sa baki. A ƙarshe aka gama shi a 1974 da hawa 25, mita 99.7, tagoginsa a can cikin ragar ginshiƙai masu jan tayil, kowace taga da inuwarta da kariyarta daga ruwa. An fara rushe shi a 2022.

Aikinsa na ƙarshe a Hirosaki shi ne gidan ƙona gawa na garin, 1983, a gefen gari tsakanin gonakin tuffa, dutsen Iwaki na bayansa. Wata 'yar gada mai rufi ce ta haɗa ɗakin da dangi ke jira da sashen da ake sallamar mamaci. Rufinsa babba ne mai gangara, leɓensa ya sauko ƙasa sosai ya rufe inda motoci ke tsayawa, yadda masu ɗauke da gawa za su sauka ba tare da dusar ƙanƙara ta zubo musu ba. Daga nan zuwa farin ginin Kimura tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Maekawa ya rasu a Tokiyo ranar 26 ga Yuni 1986, yana da shekara 81.